Yadda zaka haɗa buroshinka da kanka ka zana hoton mafarki a kwamfuta

Toh jama'a, masu tambaya wai ina ake samo buroshin da ake yin hayaƙin nan da ƙura da gajimare a irin hotunan da suke kama da mafarki, amsar a gajarce ita ce a tsakar gidanku yake. Da gaske nake. Yawancin yaranmu na Jos masu yin filaya da katin biki sai kaga mutum ya ƙona data yana sauke tarin buroshi na Turawa, dusar ƙanƙara ce, ganyen wata bishiya ce da ko sunanta bai sani ba, ƙarshe aikinsa da na wani yaro a Indiya ba ka iya bambance su saboda duk a rumbu ɗaya suka ɗiba. Alhali ga tsatsar kwanon rufi, ga bangon ƙasa da ya tsage, ga toka, ga garin gawayi, ga buhun dankali, duk kyauta kuma babu mai irin naka.

Irin wannan zanen da Turawa ke kira suriyalizim ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. André Breton ne ya fitar da takardar manufar masu wannan salon a Faris a 1924, sannan Salvador Dalí ya zana agogunan nan da suka narke a 1931. Amma wanda ya fi shafar maganarmu shi ne Max Ernst, Bajamushe, wanda a 1925 ya riƙa ɗora takarda a kan katakon daɓe yana gurza fensir har zanen jikin katakon ya fito, daga nan sai ya duba ya ga daji ko tsuntsu a ciki ya ƙarasa. Kaga kenan ɗaukar fatar abu na zahiri a gina abin da babu shi a duniya tsohuwar dabara ce, mu dai linzami muka samu a maimakon fensir.

Kafin ka taɓa komai ka riƙe wannan, don shi ne ke raba aiki mai kyau da hargitsi: ƙarya ɗaya ake yi a hoto, sauran duk ka bar su a gaskiyarsu. Idan dutse zai tashi sama to ya tashi, amma inuwarsa ta faɗi inda ya kamata, hasken rana ya zo ta gefen da yake zuwa wa sauran abubuwa, ruwa ya nuna shi yadda ruwa ke nuna abu. Ido yana yarda da ƙaryar ne saboda duk abin da ke kewaye da ita daidai yake. Wanda ya sa kifi a sama, ya sa wata guda uku, ya sa ƙofa a cikin gajimare, ya ƙara wuta a gefe, wallahi ba mafarki ya zana ba, zazzaɓi ya zana. Aikin buroshi a nan shi ne ɗinke bakin ƙaryar da gaskiyar yadda ba za a ga inda aka haɗa ba.

Misalin da zamu bi shi ne Dutsen Riyom, wanda ake hange a gefen titi idan an fito Jos za a yi Akwanga, mu ɗaga shi ya tsaya a iska a saman ɗaya daga cikin kududdufan kuza na wajen Bukuru ko Rayfield, gindinsa yana marmashewa yana zuba kamar gari. Babu mutum babu dabba a ciki, don na san akwai 'yan uwa da basa son zana abu mai rai, to wannan fannin yana da faɗi, dutse da buta da ƙofa da tsani sun ishe ka shekara kana aiki.

Maganar manhaja kada ta tsayar da kai. Photoshop biya ake yi duk wata kuma da dala ake lissafi, in kana da hali Alhamdulillahi. In babu, Krita kyauta ce, GIMP kyauta ce, Photopea kuma a cikin burauza take buɗewa kuma kusan komai nata an jera shi irin na Photoshop, har fayil ɗin aikin Photoshop, wato PSD, da na buroshinsa ABR tana karɓa. Ni dai bana ba kowa shawarar fasasshiyar manhajar nan da ake tura wa mutane a filasha, rabinsu da ƙwayar cuta suke zuwa. Zan riƙa faɗin sunayen maɓallai yadda suke a Photoshop tunda shi aka fi sani, in ya so na nuna inda sauran suka bambanta. Allon zane mai alƙalami irin na Wacom ko Huion ko XP-Pen yana daɗi sosai saboda yana jin nauyin hannu, amma da linzami ma ana yi, zan faɗi dabarar a gaba.

Yanzu kayan buroshin. Ka samu farar takarda, ko bayan tsohuwar kalanda, ka shimfiɗa a inuwa inda haske yake ko'ina daidai, baranda da safe ta fi. Kar ka yi a rana tsaka kuma kar ka kunna filashin waya, inuwa mai kaifi tana shiga cikin buroshin ta ɓata shi. Ka daka gawayi kaɗan, ba lukui ba, ka bar masu ɗan girma a ciki, ka barbaɗa daga sama ka ɗauka da waya tana kallon ƙasa sak. Wannan shi zai zama marmashin dutse. Sai ka sake wata takardar, ka ɗiga tawada ko ruwan shayi mai kauri a kan takarda mai ɗan laima ka bar shi ya bazu da kansa, gefensa zai yi laushi kamar gajimare, wannan shi ne hazonmu. Na uku ka je jikin bangon ƙasa ko busasshen taɓo da ya tsattsage ka ɗauki tsagar kusa-kusa. In ka samu zuwa gidan tarihi na Jos, ɓangaren gine-ginen gargajiya inda aka kwaikwayi ganuwar Kano da masallacin Zariya, bangayen wurin taska ne, sai dai ka tambayi ma'aikata kafin ka fara ɗauka.

Abin da ya kamata ka gane game da buroshi a kwamfuta shi ne hatimi ne kawai, manhajar tana buga shi sau da yawa a jere a duk inda ka ja hannu. Kuma a Photoshop bata ganin kala a jikinsa, baƙi da fari take gani. Inda yake baƙi wuluk zai zuba fenti sosai, inda yake fari tas babu abin da zai fito, toka-toka kuma ya fito shara-shara. A Procreate na iPad abin a juye yake, fari ne ke zubawa, sai a kula.

Ka buɗe hoton gawayin. Ctrl+Shift+U ya cire kala. Ctrl+L ya buɗo Levels, zaka ga 'yan kibiyoyi uku a ƙarƙashin wani tudu, ka jawo ta dama zuwa ciki har takardar ta zama fara fat, ka jawo ta hagu har gawayin ya yi baƙi. A nan mutane suke gaggawa kuma a nan ake faɗuwa. Takardar da idonka yake gani fara sau da yawa ba fara bace, tana da ɗan duhu a kusurwa, kuma in ka mayar da ita buroshi haka to duk bugu ɗaya sai kaga wani murabba'i mai dishi-dishi ya fito a kewaye, aikin ya koma kamar an manna sitika. Maganinsa ka ɗauki buroshi mai laushi da farar kala ka bi gefuna huɗun nan ka share, kada ƙwayar gawayi ko ɗaya ta taɓa bakin hoton. In kana son ka tabbatar, ka ɗora Levels na gwaji ka ja kibiyar tsakiya can dama, duk dattin da ya ɓuya zai fito fili, ka share sannan ka jefar da na gwajin.

Daga nan sai Edit, sai Define Brush Preset, ka ba shi suna. Dan Allah suna mai ma'ana, gawayi manya, hazo laushi, tsagar bango, ba buroshi 1 buroshi 2 ba, wata uku masu zuwa ba zaka tuna ba. Photoshop na yanzu yana karɓar har fiksal 5000, amma ba ka buƙatar haka, tsakanin 1000 da 1500 ya wadatar, in laftof ɗinka mai RAM 4GB ce ma ka tsaya a 800 don babban buroshi shi ke sa ka ja layi ka zauna kana jiran ya fito. A Photopea Edit ne, Define New, sai Brush. A Krita ka danna F5, ka shiga Predefined ka danna Stamp. A GIMP ka kwafa sannan Edit, Paste as, New Brush, ko ka fitar da shi da .gbr a ƙarshen suna ka saka a foldar buroshi.

To har yanzu abin da kake da shi hatimi ne mara rai, in ka ja zai fito kamar sawun taya, abu ɗaya yana maimaita kansa. F5 zaka danna a Photoshop saitin ya buɗe, kuma gaskiya a nan rabin aikin yake. Spacing shi ne tazarar da ke tsakanin bugu da bugu, na gawayi ka kai shi wajen kashi 60 zuwa 80 don ƙwayoyin su rarrabu, na hazo ka sauke shi ƙasa wajen 10 zuwa 15 ya zama kamar shafawa. A Shape Dynamics ka ɗaga Size Jitter don wani bugun ya zo babba wani ƙarami, Angle Jitter kuma ka kai shi ƙarshe, 100, kowane bugu ya juya fuskarsa daban, wannan shi kaɗai yana kashe maimaicin nan. Ka kunna Flip X da Flip Y ma. Scattering yana watsa bugun gefe da gefe, na gawayi yana son sa sosai, amma Count, wato yawan hatimin da ke fita a kowane bugu, ka bar shi a 1 ko 2, in ka cika shi ƙurar zata dunƙule ta zama tabo. Transfer kuma shi ke sa wani bugun ya yi kauri wani ya yi shara-shara.

Mai alƙalami ya sa Control a Pen Pressure shikenan. Mai linzami ya zaɓi Fade ya rubuta lamba kamar 25 ko 40, ma'ana buroshin zai fara da ƙarfi ya riƙa raguwa har ya ɓace bayan bugu adadin nan, kaga in ka ja daga gindin dutse zuwa ƙasa ƙurar zata yi ta sirancewa da kanta. Na tsagar bango shi daban ne, kar ka watsa shi, bugu ɗaya-ɗaya ake yi da shi ana juyawa da hannu.

In saitin ya yi maka, ka ajiye shi a matsayin sabon buroshi ta alamar ƙari da ke ƙasan akwatin. In baka yi haka ba, kana canzawa zuwa wani buroshin duk wahalar ta tafi.

Sai hotunan tushe. Kududdufin da dutsen ka ɗauke su a lokaci iri ɗaya na yini, kuma rana ta kasance a gefe ɗaya a duka biyun, in a hoton ruwa tana hagu to a na dutse ma hagu. In aka samu saɓani kana iya juya ɗaya da Flip Horizontal, amma dutsen da aka ɗauka da azahar ba zai taɓa zama lafiya a kan ruwan da aka ɗauka da la'asar sakaliya ba, ko wane buroshi gareka. Lokacin hunturu yana da daɗin wannan aikin saboda hazo yana tausasa haske, inuwa bata kaifi, haɗin yana sauƙi. Kuma don girman Allah a tsaya nesa da bakin kududdufan nan, ramukan haƙar kuza ne tun zamanin Turawa, suna da zurfi kuma gefensu yana zaftarewa, hoto bai kai rai ba.

Buɗe sabon fayil, in don Instagram ne ka yi 2160 da 2700, ninkin 1080 da 1350 kenan, in kuma bugawa zaka yi a A4 to 2480 da 3508. Leya kamar shimfiɗa ce, ana ɗora wata a kan wata, to ruwa a leyar ƙasa, dutse a leyar sama. Ka zagaye dutsen ka sa masa maski, kar ka goge da iresa. A maski baƙi yana ɓoyewa fari yana dawo da abu, harafin X yana musanya su, don haka duk abin da ka cire yana nan in ka canza ra'ayi. Ka ɗaga dutsen sama da ruwan, amma kar ka kai shi tsakiyar hoto cif, ɗan gefe ya fi, kuma ka bar sarari a ƙarƙashinsa mai yawa don a nan kallo zai tsaya.

Yanzu abin daɗin. Ka danna kan maskin dutsen, ka ɗauki buroshin gawayi da baƙi ka fara cin gindin dutsen daga ƙasa, a hankali, kana rage girma da ƙara shi da maɓallan [ da ]. Gefen da yake a yanke sumul zai koma kamar abin da ya gutsure. Sannan ka yi sabuwar leya a ƙarƙashin dutsen, ka riƙe Alt ka ɗebo kala daga jikin dutsen kansa, ka ja marmashi yana zuba. Kala ɗaya bata isa, ka ɗebo mai duhu daga ɓangaren inuwa ka yi zubi ɗaya, ka ɗebo mai haske daga ɓangaren rana ka yi wani a gefen da rana take. Manyan gutsattsari kusa da dutse, ƙanana can ƙasa. Ka sake wata leyar a saman dutsen ka ɗan watsa kaɗan don wasu su wuce ta gabansa, in duk a baya suke ido zai gane. Wasu ƙwayoyin ka basu Motion Blur kaɗan a tsaye, ba duka ba, waɗanda suka fi nisa da dutsen kawai tunda su ne suka fi gudu.

Tsagar bango kuma a sabuwar leya a saman dutse, ka danna Ctrl+Alt+G ta maƙale a jikinsa yadda ba zata fita waje ba, ka mayar da yanayin leyar Multiply, wanda ke duhunta abin da ke ƙarƙashinta, ka buga biyu ko uku daga inda ya gutsure suna hawa sama. In kana son tsagar ta yi zurfi ka kwafi leyar, ka juya ta fara da Ctrl+I, ka mayar Screen ko Overlay, ka matsar da ita fiksal biyu zuwa gefen da baya kallon rana, ta koma ƙarƙashin baƙar. Ɗan farin layin nan shi ne bakin tsagar da haske ya kama. Ƙaramin abu ne amma shi ke sa mutum ya zuƙo hoton ya duba.

Inuwa da hoton cikin ruwa su ne shaidun ƙaryarka, in suka ƙi bada shaida an kama ka. Ka kwafi dutsen da ƙurarsa, Ctrl+T, Flip Vertical, ka saukar cikin ruwa. Ka lura, tunda dutsen a sama yake, hotonsa a ruwa ba zai taɓa shi ba, tazarar da ke tsakaninsa da fuskar ruwa ita zaka maimaita a ƙasa. Ka rage ƙarfinsa zuwa wajen rabi, ka ɗan duhunta, ka ba shi Motion Blur a kwance ko Ripple kaɗan gwargwadon yadda ruwan yake motsi. Inuwar da zata faɗi a gaɓa ko kan ciyawa kuma kar ka yi ta da baƙi tsantsa, babu inuwar da take baƙa wuluk a waje, ka ɗebo kala daga wata inuwa da take cikin hoton tun asali, leya a Multiply, sannan Gaussian Blur, iya nisan abu da ƙasa iya laushin inuwarsa. Inda marmashi yake faɗawa ruwa ka zana 'yan zobba sirara masu faɗi a kwance da farin da aka rage, uku ko huɗu sun isa.

Hazo a ƙarshe ake sa shi, kuma a nan hannu yake son zarcewa. Flow, wato yawan fentin da buroshi ke zubawa, ka sauke zuwa 5 ko 10, kalar ka ɗebo daga sararin sama kusa da inda ya haɗu da ƙasa, ba fari ba, hazon Jos yana da ɗan ruwan ƙasa-ƙasa. Leya ɗaya a bayan dutse, leya ɗaya siririya a gabansa wajen gindi. Abin da yake nesa ya fi dusashewa, na kusa ya fi kaifi da duhu, wannan ƙa'idar ita ke gaya wa ido cewa dutsen ƙato ne kuma yana can nesa, ba tsakuwa bace aka riƙe a gaban kamara. In kaga ka fara rufe kuskure da hazo to ka tsaya ka koma ka gyara kuskuren, ana ganewa.

Don komai ya zama kamar kamara ɗaya ce ta ɗauka, ka ɗora leyar gyaran haske da kala, Curves ko Gradient Map, guda ɗaya a can saman duka leyoyin ka rage ƙarfinsa zuwa kashi 15 ko 20. Sannan sabuwar leya ka cika ta da toka kashi 50, yanayi Overlay, Add Noise kamar 2 ko 3 ka zaɓi Monochromatic. Hoton waya yana da 'yan ƙwayoyi a jikinsa, fentin buroshi kuma sumul yake, wannan leyar ce take daidaita su. Daga nan ka juya hoton gaba ɗaya hagu zuwa dama ka kalla, ka kuma ƙanƙanta shi ya koma kamar girman akwatin ashana, abin da ya karkace zai nuna kansa nan take. Ctrl+S kuwa ya zama kamar numfashi, kun san halin wutarmu, batirin laftof ɗin da aka saya na hannu kuma ba abin dogaro bane.

Buroshin da ka haɗa ka zaɓe su duka ka yi Export Selected Brushes su fita a fayil ɗin ABR, ka ajiye a filasha da Google Drive, har da ainihin hotunan gawayin da tawadar, saboda Krita tana karɓar hatimin da ke cikin ABR amma bata ɗaukar saitin, in ka koma can sai ka sake saitawa. Wajen fitar da hoto ka yi JPEG a tsarin kala na sRGB, in ba haka ba kala zata kwanta a waya. In zaka tura wa wani ta WhatsApp ka tura a matsayin dokumen, in ka tura a hoto zai matse shi ƙurar nan da ka sha wahala a kanta ta koma dusa. Masu bugawa kuma, takarda kullum tana fitowa da duhu fiye da sikirin, ka ɗan ƙara haske a tsakiyar Curves, kuma ka ce wa mai firinta ya fara buga maka ƙarami ka gani kafin ya saka babbar takarda.